Ranar da na ɗauka ɗiyata ta koma sayar da doya

Ina shanyar albasa a tsakar gida, nan Badagishiri, sai ɗiyata ta bugo waya daga jami'ar da take koyarwa.

"Inna, na zama doyan!"

Ni kuwa doya na ji. Marigayi babanta, mai gyaran injin ban ruwa, shi ya kama hannunta ya kai ta lakwal, wato makarantar boko, kuma har cikin ciwon ajalinsa yana roƙona kada in bari ta saki karatu.

Na ce, "Ke! Duk ilimin nan, sai sarin doya a Konni? Me zan ce da babanki?"

Ta yi dariya har da tari. "Haba Inna! Faransanci ne. Malamai 'yan'uwana suka zaɓe ni shugabar tsangayar da ke yaye injiniyoyi."

Na rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gidan, muka tattake albasar da rawa. Sai idona ya faɗa kan akwatin kayan aikin babanta a bakin zaure, kuka ya ƙwace mini. Ina rawa ina hawaye, ina cewa, "Malam, ka gani? Ban bari ta saki ba."