Mma Laraba da Ɗan Tsakon Roba

Duk wanda ya taɓa sayen waakye, wato shinkafa da wake, a wurin Mma Laraba a unguwar Nima ta Accra ya san da zarar an ji "pii, pii" daga ƙugunta, to layi ya tsaya. Sai ta ajiye ludayi, ta goge hannu, ta kwance haɓar zani, ta kanne ido ɗaya tana danne-danne. Ko ɗan sanda ne a gaban layi, sai ya jira.

Abin nawa ne tun asali. Ina aji huɗu kawuna ya kawo min tsaraba daga Turai: 'yar roba mai siffar ƙwai, da ɗan gilashi da maɓallai uku, a ciki akwai ɗan tsako. Ba ya wani abin kirki fa. Ya ci, ya yi kashi, ya yi barci, sai ka yini kana kallonsa bai bar kusurwa ɗaya ba. Amma in ka manta da shi, mutuwa yake yi. Da malamarmu ta hana zuwa da shi makaranta, na kai wa Mma, yayar babana, ina kuka, na ce ta riƙe min zuwa a tashi. Ta sa na nuna mata maɓallin abinci da na shara, ta ce ta karɓi amana. Ta raɗa masa Ɗanlami, don ranar Alhamis ya shigo hannunta. Daga ranar ni ke neman izini kafin in taɓa shi.

Da azumi ya zo, babana ya tsokane ta, wai tana ciyar da ƙato da rana tsaka. Ta dube shi sama da ƙasa.

"Watansa biyu a duniya, Alhaji. Kai da kake wata biyu azumi ka yi? Ni na goya ka, na san cinka."

Wata rana a walimar aure a Maamobi, malam yana tsakar addu'a abin ya yi ƙara. Mata suka waiwayo. Mma ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce malam ya ci gaba, kashi ne kawai, yanzu za ta share. Dariya ta ƙwace wa malam, sai da ya sake addu'ar daga farko.

Ranar da hoton ya fara dusashewa, Mma ta rufe tukunya tun hantsi, abin da ba ta yi sai ranar Sallah. Muka hau trotro, motar haya, zuwa kasuwar Makola. Mai gyaran agogo ya yi mata bayani da Twi da Turanci cewa in ya cire batir, tsakon ya tafi ke nan, sabon ƙwai za a samu. Ta fizge kayanta. Masu gyara huɗu muka zaga, kowanne tana ce masa ya fara sa sabon batir kafin ya cire tsohon. Sai a Sabon Zongo wani dattijo ɗan Damagaram ya faɗa mata da Hausa zalla cewa babu wata dabara. Ta miƙa masa, ta juya baya har ya gama.

A hanyar dawowa idonta na kan sabon ƙwan da ya bayyana a gilashin. Muna dab da Nima ƙwan ya fashe, sabon tsako ya fito. Ta dafa ni.

"Zaliha, ashe Ɗanlami mace ce! Haihuwa ta yi, kun bar ni ina kiranta da sunan maza."

Ranar bakwai ta raba koko da ƙosai a layinmu.

Shekara uku tana wannan reno, har ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi abin ya suɓuce mata cikin kwata. Ta shiga da kanta har gwiwa ta lalubo shi, ta shanya shi kan rufin kwano kwana biyu, bai farfaɗo ba. Lokacin na shiga sakandare. Don in rarrashe ta, na ce ta bari, ni kaina na daɗe da gajiya da shi.

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ban bari ya gane ba."

Bara Mma ta rasu. Allah ya jiƙanta, ya haskaka kabarinta, ya riƙe ta da tausayin da ta riƙe mu da shi.