Safa Mai Ratsin Baƙi da Ruwan Hoda

A layin 'yan gwanjo na babbar kasuwar Maradi nake ganin wata budurwa, durƙushe gaban tulin safa. Ba za ta wuce shekara ashirin ba. Hijabinta ruwan toka ne har ƙasa, amma farcen ɗan yatsanta guda baƙi ne wuluk, kuma ba lalle ba ne.

Tana tona tulin da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da wayar salula. Daga inda nake ina hango hoton da ke kan wayar: 'yan matan Japan ne a bakin titi, da gajeren siket mai tattara, takalma masu tudu, safa har saman gwiwa. Ta zaro wata doguwa mai ratsin baƙi da ruwan hoda, ta ja bakinta ta ji ko robar na da rai, sannan ta kara ta da hoton. Sai yanzu fuskarta ta saki.

"Ta 'yan ƙwallo ce, 'yammata," in ji dattijon mai kayan. "Ƙanenki za ki kai ma?"

"Eh, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ina jin siket ɗin ma tana da shi, ɗinkin hannunta, can ƙasan akwati. Wataƙila madubin ɗakinta kaɗai ya taɓa ganin wannan shiga, ƙofa a kulle, ta taka daga gado zuwa bango ta juyo.

Wani saurayi bisa babur, da alama wanta ne, yana ta danna oda. "Zalihatu! Inna na jira!"

Ta biya, ta dunƙule safar ta tura cikin hijabi, ta hau bayansa a karkace. Har suka sha kwana hannunta na dafe da wurin.