Ramin Takin da Davou Ya Cike

Shekara talatin Davou ya yi yana malamin gona a Filato, yana bin ƙauyuka a kan babur yana wa'azin takin zamani. Ko mahaifinsa bai ƙyale ba. Tsohon yana da wani rami a bayan ɗakin awaki inda yake tara kashinsu da toka da ganye, ya rufe har su ruɓe. Davou ya kira abin ƙazanta da duhun kai, a gaban maƙwabta kuwa, ya sa aka cike ramin. Har tsohon ya mutu bai sake ta da maganar ba.

A 2009 'yarsa Chundung, wadda take aikin nas, ta ɗauko shi zuwa garin Wheaton, can ƙasar Turawa. Zaman gida ya ishe shi, daga talabijin sai taga. Da ta samo masa ɗan fili a lambun unguwa, nan rayuwarsa ta koma gaba ɗaya. Sharaɗin lambun shi ne ba takin zamani, ba feshi. Davou ya yi dariya ya sa hannu.

Tumatirinsa ya ƙi. Na maƙwabciyarsa Debbie, Baturiyar da ko riƙon fartanya ba ta iya ba, sai sheƙi yake yi. Malamin gona guda, sai ga shi yana zuwa da takin zamani a aljihu yana barbaɗawa a ɓoye kamar ɓarawo. Aka gan shi. Kwamitin lambu ya rubuto cewa in ya ƙara, za a karɓe filin.

Debbie, da zuciya ɗaya, ta ja shi wurin tulin takinta tana yi masa bayani dalla-dalla: ganye, toka, kashin dabbobi. Har ta ce ai wurin manoma irin na ƙasar su Davou aka koyo wannan. Warin ramin mahaifinsa ne sak.

Girman kai bai bar shi ya koya a wurinta ba. Ya buga wa ƙanensa Chuwang waya, ya tambaye shi wata nawa Baba yake barin takin, da me kuma yake rufe shi. Chuwang ya ce bai sani ba, waɗanda suka sani duk sun riga mu gidan gaskiya.

"Kai da kake tare da shi, ba ka taɓa tambayarsa ba?"

"Na tambaya, Yaya. Ya ce in je wurinka, kai ne ka yi karatu."