Mun Je Zuru Mu Busa wa Baba Saje Golmo

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, mu uku a tsohuwar motar abokina wanda ya buga mana babbar ganga zamanin muna kwaleji a Zuru. Ni a gaba, a baya kuma 'yar'uwarmu mai sarewa, wadda yanzu nas ce. Saƙon waya ne ya tara mu: Baba Saje ya rasu, za a binne shi ranar Asabar, kuma Mama, matarsa, ta ce lallai yaransa na badujala su zo su busa masa Golmo a bakin kabari.

Ga wanda bai san shi ba, Baba Saje tsohon soja ne, mutumin Rikoto da ke nan Zuru. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana busa begila a badujalar soja, da ya yi ritaya kwalejinmu ta ɗauke shi ya kafa mana tamu. Ni Musulmi, shi Kirista, amma wallahi babu malamin da ya yi mini abin da mutumin nan ya yi mini. Shekarata ta farko na faɗi jarrabawa, na haɗa kaya zan gudu gida. Har tasha ya bi ni, ya ɗora akwatina a ka, ya juya ya nufi kwaleji. Dole na bi akwatina. Washegari ya rataya mini ƙaton ƙahon nan mai naɗe mutum kamar mesa, ya ce, "Mai ƙirji irin naka ba ya gudu. Busa."

A Jega muka karya da masa mai zafi, na ci kaɗan don bakina ba daɗi. Gidajen mai duk a rufe, sai 'yan bumburutu a bakin titi da galan-galan, kuɗin da suka yanka mana kuwa sai da mai ganga ya yi salati. Daga Koko muka karkata hanyar Mahuta, nan wahala ta ce ga ni. Damina ce, titin ya zama tafki-tafki, 'yan kabu-kabu na wuce mu da buhunan dawa suna yi mana dariya. Mai sarewa ta ce da ta sani da jaki ta hau.

Don mu manta da hanyar sai muka fara rera Golmo da baki. Golmo dai noman da samarin ƙasar Zuru ke yi wa surukai ne shekara da shekaru kafin a ba su mata. Waƙar da Baba ya yi ta rerawa a gonar mahaifin Mama lokacin nasa golmon, ita ya juya ya mayar kiɗan badujala, da ita muke rufe kowane fareti. Baba ba ya koyarwa da takarda. Ɗaya bayan ɗaya yake kiran mu gindin mangwaro, ya rera maka naka a kunne har ya zauna, ya ce, "Kai dai riƙe naka, kar ka leƙa na wani." Mai ganga ya buga nasa a jikin sitiyari, na yi nawa bum, bum, mai sarewa ta yi fito. Kowa nasa na nan daram, har muka tafa. Ban damu da cewa babu wanda ya rera kan waƙar ba, wato babbar muryar da ke jan sauran, na ce ai masu begila na tafe daga Kontagora da Kaduna.

Mun shiga Zuru bayan azahar, duwatsu sun yi kore shar, dawa ta fi mutum tsayi. Kai tsaye muka wuce kwalejin don mu ari kayan busa. Kash! Tun da Baba ya ajiye aiki badujalar ta mutu. A wani ɗaki bayan kicin muka iske kayan jibge da karyayyun kujeru, zanzaro ya yi gini a cikin ƙahona, fatar babbar ganga ta tsage. Da tsinke da ruwan zafi da man gyaɗa muka farfaɗo da abin da zai farfaɗo. Waɗanda suka amsa kira ba mu cika goma ba, wani ya yi tumbi, wani haƙora sun fara zubewa.

Muka jeru a gindin mangwaro, ganga ta ɗauka, muka shiga. Gabatarwa ta tafi sumul har tsigar jikina ta tashi. Sai muka iso wurin da waƙar ke tashi sama, kowa na busa nasa, amma waƙa ba ta zo ba. Muka tsaya muka kalli mai begilar Kaduna.

"Me kuke kallo na?" in ji shi. "Ni na biyu nake busawa."

Na Kontagora ya ce shi na uku ne. Sai a lokacin abin ya faɗo mana gaba ɗaya. Duk sauran kiɗa Baba kan ba ɗalibi kan waƙa, ban da Golmo. Wannan shi yake busa abinsa da kansa, kuma bai taɓa rera wa kowa shi a kunne ba.

Mun yi ta fama har la'asar sakaliya. Farkon kowa ya tuna, daga nan sai a ɓace. Wani ya rero sai ta zame ta koma waƙar coci, wani ya ɗauko sai ga shi cikin kiɗan fareti na firamare, ni kuwa duk inda na bi sai in faɗa cikin bum, bum ɗina. Har faɗa muka yi, na ce wa na Kaduna shekara nawa yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da Baba, kunnensa na ado ne? Ya ce ni nawa na mene ne? Aka tuna wani ya taɓa ɗauka a kaset, aka kira shi a waya, ya ce ruwa ya cinye kaset ɗin tuntuni.

Ba yadda muka iya, muka nufi Rikoto wurin Mama. Tana zaune a tabarma, matan cocinsu kewaye da ita. Muka durƙusa muka yi gaisuwa, aka kawo tuwon dawa, ba wanda ya iya taɓawa. Mai sarewa ce ta yi ƙarfin hali.

"Mama, ko za ki ɗan rera mana waƙar? Mun ɗan sha'afa."

Ta dube mu ta ce, "'Ya'yana, ai don haka na kira ku. Tun da ƙirjinsa ya hana shi busa, waƙar take zubewa daga kaina kaɗan-kaɗan. Abokan golmonsa duk sun tafi. Na ce bari yaransa su zo, in ji ta sau ɗaya in riƙe."

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki sun haɗe mini irin na ranar ba.

Da safe bayan addu'ar fasto aka sa shi a kabari a bayan gidansa, tsofaffin sojoji suka sara masa. Muka jeru. Mun shirya na Kaduna ya ƙirƙiri wani abu ya toshe wurin, amma da aka zo ya kai begila baki ya kasa, ya sauke yana kuka. Haka muka bi kiɗan har ƙarshe, kowa riƙe da nasa, tsakiya wayam. Mama ta karkato da kunne tana jira, leɓenta na motsi. Da ganga ta tsaya ta ce, "Kun yi ƙoƙari. Allah ya yi muku albarka." Gara ma da zagin mu ta yi.

Mun kamo hanya da rana. Na iso gida ana kiran isha'i, maiɗakina ta tambaye ni ko mun busa, na ce mun busa namu.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai daɗi ba ne. Mun so mutumin nan, amma mun ɗauka kullum yana nan, shi ya sa ba wanda ya taɓa zuwa ya ce, Baba, koya mini naka. In kana da malamin da ya rage, ka je tun yana iya buɗe baki. Mu dai mun makara, kuma tsohuwar nan tana can Rikoto ba ta ji waƙarta ba.