Lambar wayar da na kasa gogewa daga shafin kawuna

Shekarun baya ne wannan ya faru, jim kaɗan bayan na kammala bautar ƙasa. Ba zan iya tantance watan ba, domin wayar da saƙonninmu na lokacin ke ciki ta lalace. Maganganun da zan kawo daga ƙwaƙwalwata suke, don haka ma'anarsu nake da tabbaci a kai, ba lafazinsu ba.

Kawuna yana sayar da tayil a Sabon Gari, kuma wajen wani babban dila a Legas yake saro kaya. Ya ce in yi masa shafin intanet. Da yake dilan yana da shafi mai hotunan kowane samfuri, sai na buɗe wata taga a cikin namu, wadda masu sana'ar ke kira iframe, ta riƙa nuna shafin dilan kai tsaye. Kawu ya ji daɗi, har idonsa ya sauka kan lambar wayar dilan a saman tagar.

"Kai, Injiniya! Asirina za ka tona? Wa ka taɓa gani ya nuna wa kwastoma inda yake sari? Goge ta."

Na rubuta umarnin da zai ɓoye lambar. Burauza, wato manhajar da ke buɗe shafukan intanet, ta ƙi. Na sauya salo, ta sake ƙi, tana maimaita jan rubutu ɗaya: shafin da ke cikin tagar daga wani adireshi yake, ba ni da izinin taɓa komai a cikinsa. Na yi wa Kawu bayani a tsanake, cewa ƙa'idar tsaro ce, kuma ba don ita ba da kowane ɓarawo zai sa shafin banki a tagarsa ya karanta abin da mutum ke rubutawa.

"Ni ne ɓarawon?"

"A'a, Kawu. Ita dai ba ta san ka ba."

"Shagona ne, kwamfutata ce. To ka faɗa mata."

Na ce mafita biyu ce: mu roƙi dilan ya ba mu shafi marar lamba, ko mu ɗauki hotunan kayanmu da kanmu. Ta farko ya ce zubar da girma ne, ta biyu ɓata lokaci.

Maƙwabcinsa, wani Ibo mai kayan famfo wanda a Sabon Gari aka haife shi, ya leƙo yana dariya. "Alhaji, yaya muke yi da kwali? Ba takarda muke mannawa a kan sunan kamfani ba? Injiniya, manna mata takarda mana!"

Abin haushin shi ne, hakan yana yiwuwa. Ba zan iya shiga tagar ba, amma zan iya ɗora farin akwati a kanta daga waje. Na yi gargaɗi cewa kwali ba ya motsi, shafi kuwa yana sauya tsari gwargwadon girman allo. Kawu ya ce boko ya koya mini tsoro. Na manna.

A kwamfutar shago komai ya rufu tsaf, sai Kawu ya tura wa manyan kwastomominsa adireshin shafin tun kafin in gwada a waya. A waya kuwa akwatin ya rufe hoton tayil na farko, lambar ta zauna a ƙarƙashinsa sarai.

Kafin magariba na cire tagar gaba ɗaya. Daga baya hotunan muka ɗauka, kwali bayan kwali, ni ne mai ɗagawa.

Har yau ina jin haushin ranar, amma ba na burauza ba. Ita kaɗai ce ta tsaya kan maganarta. Akwai wani ɗan kwangila daga Rijiyar Lemo da ya daɗe yana sayayya wajen Kawu, kuma daga lokacin bai sake zuwa ba. Kawu ya ce lambar ya gani. Maƙwabcin ya ce aiki ne ya mayar da shi Abuja. Na binciki bayanan shafin, ba su nuna wanda ya buɗe ba. Shin mutumin nan ya ma taɓa buɗe shafin? Ban sani ba.