Gidan da Shafi'u Ya Gina a Cikin Wasa

Halliru mai gyaran waya ne a Rabah. Shagonsa yana bakin tasha, rumfar kwano ce da tebur da benci, sai faifan sola a kan rufi. Ba haifaffen garin ba ne. Su mutanen wani ƙauye ne gabas da Gandi, inda mahaifinsu ya yi noman gero da wake har Allah Ya karɓi abinsa. Shekarar da 'yan bindiga suka matsa wa yankin, Halliru ya kwaso mahaifiyarsu Inna Laraba da ƙanensa Shafi'u, da abin da amalanke ɗaya ta iya ɗauka, suka sauka Rabah. Daga baya labari ya iso cewa an ƙone unguwarsu. Ba wanda ya koma dubawa.

Shafi'u mai sikila ne tun yana goye. Bai taɓa yin noma ba, don haka ya tashi a zaure yana kwance rediyo yana ɗaurawa. Shi ya koya wa wansa gyaran waya da suka zo gari. Da ya ga shago ɗaya ba zai riƙe su su biyu ba, sai ya bi motar albasa daga Goronyo zuwa Legas, ya sami aiki wurin masu sayar da kwamfutoci na hannu. Inna ta yi kuka, ta ce sanyin Kudu ba na jikinsa ba ne. Ya lallashe ta ya tafi.

Wata rana Mode, direban motar albasar, ya sauke wa Halliru kwali a shago. Tsohuwar kwamfutar cinya ce a naɗe cikin zane. Kafin ya gama buɗewa Shafi'u ya kira.

"Yaya, ta iso? Akwai wasa ciki, na intanet na. Kowa ana ba shi hili shi yi gini. Ka shigo ka ga abin da nika ginawa."

Kwamfutar ta tsufa da ɗaukar Windos, shi ya sa Shafi'u ya sa mata Linuks, wanda ya fi sauƙin nauyi. Wasan kuwa don Windos aka yi shi, sai da wata manhaja a tsakani tana yi musu tafinta. A kwamfutar Shafi'u ta Legas komai yana fita tas. A ta Halliru, ranar da ya fara shiga, ƙasa baƙa ce wuluk, bangaye babu su, mutum-mutumin da yake tuƙawa yana tafiya yana tsayawa kamar mai ciwon ƙafa.

"Mi kag gani?" in ji Shafi'u a waya.

"Ban ga komi ba sai baƙin tabo. Turo min hoto mana."

Shafi'u ya yi dariya har da tari. "Hoto? A'a. Sai ka tako da ƙahwarka. Gyara kaɗan na, ka shiga wurin saitin hoto ka rage inuwa, sauran ni koya maka."

Halliru ya rage inuwar, bai ga canji ba. Mutane na jira da wayoyinsu, ga matarsa Mashkura da tsohon ciki. Ya rufe kwamfutar ya tura ƙarƙashin tebur. A ransa wasan yara ne. Duk Juma'a Shafi'u zai tambaya, shi kuma ya ce sai ya sami sarari.

Da damina ta yi nisa ciwon ya tashi wa Shafi'u. Abokan aikinsa suka kai shi asibiti, kafin Halliru ya sami mota har an yi masa sutura a can. Inna ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a kan tabarma tana jan carbi, in an zo gaisuwa ta amsa, in an tafi ta juya fuska bango.

Bayan an watse daga zaman makoki wani saurayi ya zo shago. Ya ce sunansa Abdulƙadir, daga Wurno, a cikin wasan suka saba da marigayi. Ya yi ta'aziyya, sannan ya ce, "Malam, ka ga ginin nai kuwa? Ka yi hanzari. Wanda duk yad daɗe bai shiga ba, share hilinai akai a ba wani." Ya so ya nuna masa a tasa kwamfutar. Halliru ya ce a'a, a wadda aka aiko masa zai gani.

Daga ranar ya canza. Da ya idar da La'asar sai ya ce wa masu kawo waya su dawo gobe. Turancinsa na makarantar gwamnati ne, amma ya dinga bin bayanan da mutane suka rubuta a intanet yana haɗa ma'ana. Ya rage girman hoto, ya rage nisan da wasan ke nunawa, ya kashe motsin ciyawa da ƙyallin ruwa. Tafiya ta daidaita, amma ƙasa tana nan baƙa. Ya sauya manhajar tafinta da sabuwa, wasan ya ƙi buɗewa gaba ɗaya. Ya koma wadda ta girme ta, wasan ya buɗe, ya mutu. Kwamfutar tana zafi har ta kashe kanta, sai ya ɗora ta a kan bulo biyu ya sa mata ƙaramar fanka. Sabis ya ɗauke ana tsaka da sauke abu, ya sake daga farko. Sau ɗaya Mashkura ta tarar da shi ya kifa kai a tebur, ta ɗauka barci yake.

Ashe matsalar direban katin hoto ce, ƙaramar manhajar da ke gaya wa kwamfuta yadda za ta zana abu. Tsohon katin ba ya jin sabuwar hanyar zane, sai an umarci tafintar ta bi tsohuwa. Layi ɗaya ne ake rubutawa. Ya rubuta shi wata Juma'a da rana, kasuwa ta yi shiru, ya buɗe wasan.

Ƙasa ta fito ja. Ga darni na kara, ga bishiyar dogon yaro a ƙofa, ga zaure mai ƙofa biyu. Halliru ya saki linzamin kwamfutar ya riƙe bakin tebur. Gidansu ne na ƙauye. Ya shiga. Rumbuna uku a inda suke, turken akuya, rijiyar da bakinta ya karye gefe guda, har da karyewar. Ɗakin Inna da randa a bakin ƙofa. Nasa ɗakin an ƙara masa wani a jiki, wanda babu shi a da. Daga can ƙurya ɗakin Shafi'u, bango ya kai rabi, babu rufi, kayan gini a tare a gefe.

Ya rufe shago ya ɗauki kwamfutar zuwa gida. Inna ba ta taɓa kallon irin wannan abu ba. Ta matso da fuskarta, sannan ta sa yatsa a gilashin.

"Wanga ɗakina na. Wa yay yi shi?"

"Shafi'u na, Inna."

"Kai ni ciki."

Ya kai ta. Akwai gado da tabarma da ƙwarya a rataye. Ta ce gadon ba nan yake ba, yana gabas. Sai ta ce a'a, yaron ya yi daidai, ta mayar da shi nan shekarar da malam, mahaifinsu, ya kwanta ciwo. Suka zagaya ko'ina. Da suka iso ɗakin da ba rufi ta tambayi dalili, Halliru ya ce bai gama ba ne.

"To ka ida mashi."

"Ba ni iyawa, Inna. Sai mai hilin ka iya taɓa shi."

A nan ne ta yi kukan da ba ta yi ba ranar rasuwa. Mashkura ta fito daga madafa ta riƙe ta.

Halliru ya gwada duk kalmar sirrin da ya zata, sunan Inna, sunan ƙauyen, bai dace ba. Ya rubuta wa masu wasan, amsa ta zo cikin ladabi cewa ba sa ba da asusun wani ga wani. Sai ya ɗauki hoton kowane lungu, ya ɗauki bidiyo yana tafiya daga zaure har rijiya. Bayan an girbe gero ya shiga wata rana ya tarar da fili da ciyawa. Da ya sake leƙawa, wani baƙo ya kafa doguwar hasumiya ta dutse a wurin. Bai ƙara shiga ba.

Halliru yana nan a bakin tasha. Abdulƙadir ya baza labarinsa, yanzu ɗalibai daga Wurno da Goronyo suna kawo masa tsofaffin kwamfutoci, wasa ya ƙi fita da kyau. Yakan karɓa, ya tambayi irin katin hoton, ya zauna ya yi ta gwaji. Da zarar launi ya fito, mai kwamfuta ya fara murna yana cewa, "Malam, dubi yadda tay yi kyau," sai Halliru ya juya masa gilashin, ya jawo wayar da ke jiran gyara.