Tabon lalle a kujerar mota

Wata rana na kai motata wanki a Funtuwa, ina zaune a benci ina jiran layi, sai ga wani dattijo ya shigo da tasa.

Ban taɓa ganin mota mai dauɗa irin wannan ba.

Laka ta bushe a tayoyi tun ta damina. Kashin tsuntsaye ya rufe gilashi. Busassun ganyen darbejiya sun cika bakin bonet. Da gani ka san ta yi damina da sanyi a ajiye wuri ɗaya.

Wani a gefena ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ce ko daga rami aka tono ta.

Dattijon ya miƙa wa mai wankin, wani magidanci da ake kira Ɗanjuma, makulli. Ya ce a wanke masa waje kawai. Ya wuce masallaci don an kira la'asar.

Ɗanjuma mutum ne mai son aikinsa. Ya sakar mata ruwa da tiyo, ya bi ta da omo da soso, ya sa burushi ya kankare tayoyin. Sai ga farar mota ta fito tas.

Da ya buɗe ƙofa zai goge gilashi ta ciki, ya ga tabo a kujerar gaba, ta gefen mai zaman banza. Ja-ja, kamar shatin yatsu, a kan fata mai launin madara.

Ya ce mana, wannan dattijo ya ba shi tausayi, bari ya yi masa cikin kyauta.

Ya ɗauko gwangwanin kumfar nan ta goge kujera ya fesa. Ya dirza da farin tsumma. Ya sake fesawa, ya sake dirzawa, har gumi ya keto masa.

Tabon ya fita.

Dattijon na dawowa, Ɗanjuma ya tare shi da murmushi, ya buɗe masa ƙofa.

"Baba, dubi kujerarka. Tabon nan ya ba ni wuya, amma na fitar da shi."

Dattijon ya tsaya yana kallon kujerar. Carbin hannunsa ya faɗi ƙasa.

"Ɗana, hannun Saude ne ka goge."

Ya shiga ya zauna a gaban sitiyari, ya ɗora tafinsa a wurin da tabon yake a da.



Mai facin taya da ke kusa da mu ɗan unguwar su dattijon ne. Shi ya matso ya gaya mana, murya ƙasa-ƙasa.

Saude matar dattijon ce, uwar 'ya'yansa. Da damina ya ɗauke ta zai kai ta bikin 'yar ƙanwarta a Malumfashi. Lallen hannunta bai gama bushewa ba, motar ta faɗa rami, ta dafa kujera.

Shi kuwa mutum ne da ko gyaɗa ba a ci a motarsa.

Ya yi ta faɗa tun daga nan har ƙofar gidan biki. Tana ba shi haƙuri, yana ƙarawa.

Da aka tashi biki ta aika masa cewa kada ya wahalar da kansa, za ta biyo motar haya, don kada ta sake ɓata masa tasa.

Motar hayar ba ta iso Funtuwa ba.

Tun ranar da aka kai ta makwancinta bai sake tayar da motar ba sai yau, da 'ya'yansa suka matsa masa.

Ɗanjuma ya durƙusa a bakin ƙofar, idonsa ya kawo ruwa, yana cewa wallahi bai sani ba, a yafe masa.

Dattijon ya girgiza kai. Ya ce ba laifinsa ba ne, alheri ya yi niyya.

Sannan ya miƙa hannu.

"Ba ni tsumman."

Ɗanjuma ya ba shi. Jiƙaƙƙe, ya rine ja-ja.

Dattijon ya ninke shi a hankali, ya sa a aljihun gaban rigarsa, ya ja motarsa ya tafi.

Wanda ya yi dariya ɗazu bai sake ɗaga kai ba har na bar wurin.

Darasi:

Kujera tana wankuwa. Kafet yana wankuwa. Maganar da ka yaɓa wa naka a kan abin duniya, wata ran ba za ka sami wanda za ka ba haƙuri a kanta ba.

Kuma kafin ka gyara wa mutum abin da kake gani datti ne, tambaye shi.

Allah Ya jiƙan Saude, Ya jiƙan namu da suka riga mu.

Idan akwai wanda ka ɓata wa rai yau a kan ƙaramin abu, kira shi yanzu. Sannan ka tura wannan ga wani, wataƙila shi ma akwai wanda yake jiran kiransa.